Abincin rana a bakin tekun Dakar: me ke cikin faranti, kuma don me yake ƙara tsada?

Duk mai takardar jika biyu a aljihu, ya fito da ita ya juya bayanta. Zai ga kifaye biyu masu ƙaton baki da kaurin jiki. Mutane da dama a Nijar suna ɗaukarsu giwan ruwa ne, ko wani kifin kogin Isa. Alhali kifin teku ne, wanda Faransawa ke kira meru, mutanen Senegal kuma ke kira cof (a takardar jerin abinci "thiof" ake rubutawa). Babban bankin BCEAO, wanda cibiyarsa ke Dakar, ya sa shi a bayan wannan takarda tun fitowar sabbin kuɗin sefa a 2003, kamar yadda ya sa raƙuma a ta jika ɗaya.

Wannan kifi shi ne sarkin faranti a gidajen cin abincin da ke jere a bakin tekun Dakar. Ɗan Nijar da ya je taro, ko karatu a jami'ar Cheikh Anta Diop, ko ya ratsa birnin a hanyarsa ta ziyarar Kaulaha, da wuya ya koma gida ba tare da mai masauki ya ce masa a je a ci abincin rana a bakin ruwa ba. Gayyatar karramawa ce. Sai dai ga mutumin da ya tashi a Maraɗi ko Damagaram, wanda tsakaninsa da teku akwai tafiyar kilomita dubu ko fiye, kuma saninsa da kifi bai wuce karfasa da tarwaɗar tabkin Madarunfa ko bandar Difa ba, abin da za a ajiye gabansa na iya ɗaure masa kai: ga masu ɓawo, ga masu ƙafafu goma, ga mai hannuwa takwas. Zai so sanin mene ne, ko ya halatta a ci, sannan in takardar kuɗi ta zo, zai so sanin dalilin tsadar. Amsar wannan ta ƙarshe ce ta fi tsawo, don ta shafi halin da tekun kansa ke ciki.

Inda ƙasa ta ƙare

Birnin Dakar yana zaune ne a kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin tekun Atlantika, ruwa ya kewaye shi ta ɓangarori uku. A ƙarshen wannan tsini akwai unguwar Almadi, kuma bakinta shi ne wuri mafi nisa yamma a duk doron nahiyar Afirka. Wanda ya zauna can ya fuskanci faɗuwar rana, in ban da tsibiran Kap Ver, babu wata ƙasa gabansa sai nahiyar Amurka. Baƙaƙen duwatsu ne a gaɓar, igiyar ruwa na dukansu dare da rana.

Asalin masu wurin su ne Lebu, ƙabilar masunta da suka kafa ƙauyukan Ngor da Yof da Wakam tun kafin Dakar ta zama birni. Yau birnin ya haɗiye ƙauyukan, amma kwale-kwalensu masu ado da fenti kala-kala suna nan a kan rairayi, kuma ƴaƴansu na cikin masu kawo kifin da ake gasawa.

Wuraren cin abincin ba iri ɗaya ba ne. Akwai manyan restoran masu baranda a kan duwatsu, da ma'aikata cikin kaya iri ɗaya. Akwai rumfuna masu teburan roba da murhun gawayi a bakin Almadi, inda ake buɗe kawa a gaban mai saye. Akwai tsibirin Ngor, wanda ake tsallakawa da kwale-kwale cikin ƴan mintoci. Sau da yawa kifin daga hannun masunta ɗaya ya fito. Bambancin kuɗi yana zuwa ne daga kujera, da inuwa, da abin da ido ke kallo.

Shi kallon nan kuwa ya zama abin rigima a Dakar. Dokar filayen gwamnati ta 1976 ta ce gaɓar teku, haɗe da faɗin mita 100 daga inda ruwa ke tsayawa in ya yi cikar da ta fi kowace, mallakar jama'a ce. Duk da haka, cikin shekarun baya otal-otal da gidajen masu hali sun yi ta tsirowa a gefen babbar hanyar bakin teku, har talakan birni ya rasa ta inda zai gangara ya sha iska a wurare da dama. A 2024, makonni kaɗan bayan rantsar da shugaba Bassirou Diomaye Faye, sabbin hukumomi suka dakatar da gine-gine a gaɓar Dakar don a binciki yadda aka raba filayen. Saboda haka wani kaso na kuɗin da baƙo ke biya a babban restoran kuɗin fili ne, a birnin da ƙasa ta yi wa kaɗan.

Mutanen Senegal ba sa gaggawar abincin rana. Daga ƙarfe ɗaya zuwa uku ne lokacinsa, kuma shi ne babban cin yini. Wanda ya je tsakanin Disamba da Afrilu ya riƙe rigar sanyi ko da rana tsaka ce, don iskar da ke kaɗawa daga arewa tana ratsa jiki. Wannan iska ita ce tushen arzikin kifin ƙasar, kamar yadda bayani zai zo.

Abin da za a ajiye gaban baƙo

Cof fari ne a ciki, tsokarsa da ƙarfi, ƙayarsa manya ce mai sauƙin cirewa. Yawanci gasa shi ake yi ɗungum a kan gawayi, a tsattsaga jikinsa a cusa yaji da tafarnuwa, a kawo shi da miyar albasa da lemun tsami irin ta yasa, da shinkafa ko soyayyen dankali ko ayaba. Darajarsa ta kai har a harshen Wolof in aka ce wa namiji cof, ana nufin kyakkyawa ne wanda mata ke rububi.

Bayansa akwai dorad, da sol mai faɗi kamar tafin hannu, da lot. Akwai kuma tarko ɗaya ga ɗan Yamai: in ya ga "capitaine" a takarda, kada ya zaci giwan ruwan da ya saba ci a bakin kogi ne. A Dakar sunan wani kifin teku ne dabam.

Sai masu ɓawo. Jatan lande ba baƙo ba ne ƙwarai, tunda busasshensa na shigowa kasuwanninmu daga kudu, amma a nan ɗanye ne, wani ya kai tsawon yatsa ko fiye, kuma da yawansa daga kogunan Kazamans da Salum ake kamo shi. Ƙaguwa ma sananniya ce. Langust kamar babban yayan jatan lande yake, mai dogayen gashin baki da sulke mai ƙaya, yana zama cikin ramukan duwatsu. Shi ne mafi tsada, kuma da awo ake sayar da shi: kuɗin da ke rubuce sau da yawa na kilo ne ko na giram 100, ba na faranti ba. Matambayi ba ya ɓata. A sa a auna a gaban mutum, a faɗi jimilla kafin a ɗora a wuta. Kuɗin dai sefa ɗaya ce da ta gida, babu lissafin canji da zai ruɗa kowa.

Mai hannuwa takwas ɗin nan Faransawa na kiransa pulp. Ba shi da ƙashi ko ɗaya, kuma in ba a iya dafa shi ba sai ya yi tauri kamar roba. A Senegal ya bunƙasa ne daga 1986, lokacin da ya cika ruwan kudancin Dakar ba zato, ya zama hajar fitarwa zuwa Japan da Turai. Masuntan yankin Mbur suna da wata dabara mai ban sha'awa game da shi: a lokacin da aka hana kamunsa don ya hayayyafa, sukan zuba dubban tukwanen ƙasa, waɗanda mata ke ginawa, a ƙarƙashin teku, macen ta shiga ciki ta yi ƙwai.

Akwai kuma wata ƙwallo mai ƙaya ko'ina, bushiyar teku, wadda ake fasawa a ci ɗan abin da ke ciki mai ruwan goro, ɗanye, da cokali.

Kawa ita ce mai ɓawo biyu da ke manne da juna. A Senegal tana girma ne a jikin saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, a mashigar kogin Salum da kewayen Jowal. Aikin mata ne. Sukan shiga kwale-kwale in ruwa ya janye, su kutsa cikin taɓo da wuƙa suna ɓamɓarowa. Mafi yawan abin da suka samo dafawa suke yi su shanya, ya zama kayan miya. Kaɗan ne ke isa Almadi da rai. Sana'ar ta daɗe ƙwarai: a yankin Salum, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, akwai tuddai da tsibirai sukutum da ɓawon da mutanen da suka zubar ya gina cikin ɗaruruwan shekaru.

Wanda duk wannan bai kwanta masa ba, yana da mafita mai daraja: cebujen, wato shinkafa da kifi, abincin ƙasa. Kamar dafa-duka yake, da karyayyar shinkafa da tumatir, da rogo, kabeji, karas, gauta da tsamiya. Sirrin ɗanɗanonsa abubuwa biyu ne da ke yi masa aikin da daddawa ke yi wa miyar kuka: gej, busasshen kifin da aka bari ya ɗan ruɓa, da yet, naman wani babban dodon koɗin teku. Daga birnin Sen Luwi ya samo asali, ana danganta shi da wata mai dafuwa ta ƙarni na 19 mai suna Penda Mbaye, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a Disamban 2021.

Halacci da lafiyar ciki

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan musulmin Nijar da na Senegal ke bi, dabbobin teku halal ne, masu ɓawo da marasa ɓawo, kuma ba sa bukatar yanka. Hanafiyya ce ta taƙaita ga kifi, shi ya sa wani baƙo daga Turkiyya ko Pakistan zai iya kauce wa ƙaguwa a teburi ɗaya. Inda ya kamata a lura shi ne tukunya. Wasu girke-girken Faransa da farar giya ake yinsu, musamman "moules marinières", kuma duk abin da aka rubuta wa "flambé" an zuba masa barasa an kunna wuta. Tambaya ɗaya ga mai kawo abinci ta wadatar, kuma a Dakar ba wanda zai yi mamakinta.

Ta fuskar lafiya, ɗanyen abu ne abin tsoro. Kawa tana rayuwa ne ta hanyar tace ruwa, lita da yawa a yini, kuma duk ƙazantar da ke cikin ruwan tana taruwa a jikinta. In daga gurɓataccen wuri ta fito, tana iya ɗauke da ƙwayoyin ciwon hanta nau'in A, ko taifot, ko gudawa mai tsanani. Ruwan Dakar kuwa ba duka ke da tsabta ba. Mashigar Hann, a gabashin birnin, ta daɗe tana karɓar dattin masana'antu da na gidaje. Matsa lemun tsami ba ya kashe waɗannan ƙwayoyi, wuta ce ke kashe su. Mace mai ciki, da tsoho, da mai ciwon hanta ko ciwon suga, gasasshe ko dafaffe ya fi musu.

Abu na biyu: jikin wasu mutane ba ya karɓar jatan lande da danginsa, kuma wanda bai taɓa ci ba ba shi da hanyar sani. A fara da kaɗan. In leɓe ya kumbura, ko jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, ko numfashi ya fara sarƙewa, asibiti za a nufa nan take, ba a jira a gani.

Shi kuwa kifi, a nemi ganinsa kafin a gasa. Sabon kamu idonsa garau yake, cikin kunnensa ja ne, in an danna jikinsa da yatsa naman na dawowa. Ganinsa ɗungum yana kuma hana a sayar wa mutum yankan wani kifi da sunan cof.

Tekun da ke ramewa

Ruwa ba ya tsami banza. Dattawan Dakar suna tuna lokacin da cof ke shiga tukunyar cebujen ta gidan ma'aikaci mai matsakaicin albashi. Yau ya koma abincin otal da na jirgin sama, don mafi kyawunsa cikin ƙanƙara ake ɗura shi a kai Turai.

Don a gane abin da ya faru, sai an san abin da ya sa wannan gaɓa ta yi arziki tun farko. Iskar nan ta arewa, in ta kaɗa daga ƙarshen shekara zuwa wajen Mayu, tana ture ruwan sama mai ɗumi zuwa tsakiyar teku. Sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ɗauke da sinadaran da suka kwanta a can, tamkar an watsa taki a gona. Ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su yaɗu, ƙananan kifaye su yi kiwo a kansu, manya su ci ƙanana. Daga Maroko zuwa Gine Bisau haka abin yake, kuma wurare kaɗan ne a duniya ke da irin wannan baiwa. Ita ce ta jawo jiragen kamun kifi na Turai, da Rasha, da Sin, da Turkiyya.

Cof bai iya jure wannan matsi ba saboda yadda halittarsa take. Yana girma a hankali, yana iya wuce mita ɗaya in an bar shi. Abin mamaki, yana fara rayuwa ne a mace, ba ya yin ƙwai sai ya kai kusan rabin mita, sannan bayan shekaru, in ya ƙara girma, ya rikiɗe ya koma namiji. Ke nan mai kama manya yana ƙarar da maza, mai kama ƙanana kuma yana cinye matan da ba su taɓa haihuwa ba. Ɗan cof ɗin nan da ya yi daidai da faranti ɗaya, wanda baƙi suka fi so don kyan gani a hoto, galibi bai kai ga yin ƙwai ba. Makiyayin da ke yanka ƴan maruƙa da bijimai lokaci ɗaya ya san inda garkensa zai ƙare. Masana kimiyyar teku sun daɗe suna sa cof cikin kifayen da kamu ya fi ƙarfinsu a wannan yanki.

Wa ke da laifi? A bakin masunta, manyan jiragen waje ne, masu jan taru a ƙasan teku suna kwashe komai, wani lokaci har cikin yankin da doka ta keɓe wa kwale-kwale. Suna da hujja. A Mayun 2024 ma'aikatar kamun kifi ta Senegal ta wallafa jerin jiragen da ke da lasisi: 132 masu tutar ƙasa, 19 na waje. Amma da yawa daga masu tutar Senegal ɗin na kamfanonin haɗin gwiwa ne, waɗanda jarinsu da ribarsu na baƙi ne, tuta kawai ce ta gida. A cikin watan ne kuma Tarayyar Turai ta yi wa Senegal gargaɗi a hukumance kan sakaci wajen yaƙi da kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Da yarjejeniyar ɓangarorin biyu ta ƙare ranar 17 ga Nuwamban 2024, ba a sabunta ta ba, jiragen Turai suka fice. Yarjejeniyar ta ba su damar kama tan 10,000 na kifin tuna da tan 1,750 na wani kifin zurfi a shekara, a kan kuɗin da bai wuce Yuro miliyan 1.7 ba daga asusun Tarayyar.

An yi murna a gaɓa, amma duk wanda ya dubi alƙaluma ya san ficewar ba za ta cika teku ba. Abin da Senegal ke kamawa a shekara ya kai tan dubu ɗari huɗu zuwa biyar, kuma kusan kashi 80 cikin 100 kwale-kwale ne ke kawo shi. Su ma sun ninka yawa, sun ƙara girma, sun samu injuna. Tarun roba mai sirara, wanda dokar ƙasar ta haramta tun 1998, yana nan ana amfani da shi, kuma in ya tsinke ya nutse yakan ci gaba da kashe kifi shekara da shekaru ba mai ɗauka. Wannan ɓangare na maganar ba shi da farin jini a wurin ƴan siyasa, don masunta da iyalansu ƙuri'u ne masu yawa.

Kifin talaka

Tsadar cof damuwar mai hali ce. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yaboy, ɗan ƙaramin kifin nan mai yawan ƙaya, dangin sardin, wanda ba a cika ganinsa a takardar manyan restoran ba. Shi ne naman talakan Senegal. Shi matan Jowal da Mbur ke bandawa, su barbaɗa gishiri su shanya, ya zama kecak, a loda a manyan motoci zuwa ƙauyuka da ƙasashen da ba su da teku irin Mali da Burkina Faso.

Yanzu yaboy ya samu mai saye da ya fi matan nan kuɗi. Cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, masana'antun niƙa kifi sun yawaita a gaɓar, mafi yawa a Nuwadibu ta Muritaniya, wasu a Senegal da Gambiya. Suna mayar da shi gari da mai, a fitar zuwa Turai da Asiya don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace Afirka da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan rabin miliyan na irin waɗannan ƙananan kifaye ake kwashewa haka kowace shekara daga yammacin Afirka, abin da zai iya ciyar da mutum miliyan 33. Ga kuma ɗumamar ruwa, wadda ke sa garken yaboy ƙaura zuwa arewa. Kifin ba ya sanin iyaka, yana yawo tsakanin ruwan Senegal, Gambiya, Muritaniya da Maroko, amma ƙasashen ba su da wata yarjejeniya mai tilasta wa kowa iyakar abin da zai kama, duk da kwamitin masana na hukumar FAO ya sha ba da shawarar a rage kamun sosai.

In masunci ya sayi mai ya kwana a teku ya dawo da abin da bai biya kuɗin man ba, kwale-kwalensa na da wani amfani. Jirgin da aka sassaƙa don yaboy yana iya ɗaukar mutum ɗari zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Spaniya, tafiyar kusan kilomita 1,500 a buɗaɗɗen teku. Tun 2006 matasan Senegal suka yi wa wannan tafiya kirari da "Barsa ko Barzahu", wato ko a isa Barselona ko a tafi lahira. A Yulin 2023 wani kwale-kwale ya tashi daga ƙauyen masunta na Fas Boy da mutum 101. Bayan fiye da wata ɗaya aka tsince shi kusa da Kap Ver da mutum 38 a raye. A 2024 mutum fiye da 46,000 suka isa Kanari daga gaɓar yammacin Afirka, adadin da ba a taɓa gani ba. Rashin kifi ba shi kaɗai ke tura su ba, amma a garuruwan masunta shi ne dalilin da ake fara ambata. Mutanen Nijar, da suka ga abin da hanyar Agadas zuwa Libiya ta ci, ba sa bukatar dogon bayani kan irin wannan tafiya.

Maganar ba ta tsaya a gaɓa ba. Daskararren kifin da ake sayarwa a katan a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, wanda mata ke soyawa a bakin titi da maraice, kifin teku ne, kuma irin waɗannan ƙananan kifaye ne masu yawo garke-garke, su shinshar da makaro da sardin. Uwar gida ta koma gare shi ne saboda naman sa da na rago sun yi tsada, kifin kogi kuma bai wadata ba. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke shigowa ta teku suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, motar sanyi ta ƙara kwanaki a hanya, kuɗin kuma ya hau kan katan. In a can bakin ruwa ma masana'antar gari ta riga ɗan kasuwa saye, to mai sayen kashi ɗaya a kasuwar Maraɗi yana takara ne da mai kiwon kifi a Sin ko Norwe, ba tare da ya sani ba.